Makin Lafiyar Zuciya: Lissafin da Ya Kamata Kowane Gida Ya Sani



Babu ɗan kasuwar kirki da zai shekara bai zauna ya yi lissafin rumfarsa ba. Yakan duba hajar da ke ƙasa, da kuɗin da ke hannun masu bashi, da abin da ya lalace a sito, sannan ya san ko jarinsa na nan daram ko kuwa ya fara zurarewa. Rumfa na iya cika maƙil da masu ciniki alhali jari ya daɗe da karyewa, kuma lissafi ne kaɗai ke tona wannan asiri. Masana lafiya sun yi wa zuciya irin wannan lissafi. Sun ware abubuwa takwas, suka ba kowanne maki, suka kuma bi sawun dubban mutane shekara da shekaru domin su ga abin da ke samun mai maki da yawa da mai maki kaɗan. Abin da suka gano ya shafe ka, ko a Maraɗi kake kasuwanci ko a Jibiya, ko a Birnin Ƙonni ko a Illela.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun yi sanadin mutuwar mutum miliyan 17.9, wato kusan ɗaya cikin kowane mutum uku da suka rasu a duniya a wannan shekara. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace sun auku ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. Don haka maganar da ake yi cewa ciwon zuciya na Turawa ne ko na masu kuɗi ba ta da tushe.

Daga ina lissafin ya samo asali?

A shekarar 1948 likitoci suka fara bin lafiyar mutum 5,209, maza da mata, mazauna wani ƙaramin gari mai suna Framingham a ƙasar Amurka. Suna auna su a kai a kai, suna rubuta wanda ya kamu da ciwo da wanda ya rasu. Sannu a hankali sai ta bayyana cewa ciwon zuciya ba ya faɗo wa mutum haka kwatsam. Waɗanda jininsu ke hawa, da masu shan taba, da masu ciwon suga, da waɗanda kitse ya yi yawa a jininsu, su ne ciwon ya fi kayarwa. Kafin wannan lokaci likitoci da yawa na ɗaukar hawan jini a matsayin abokin tsufa wanda bai kamata a taɓa shi ba.

A shekarar 2010 Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta tattara irin wannan ilimi ta fitar da ma'aunai bakwai. A 2022 ta sabunta su, ta ƙara barci, suka zama takwas. Huɗu daga ciki ɗabi'u ne: abin da kake ci, motsa jiki, taba, da barci. Sauran huɗun awo ne: nauyin jiki, kitsen jini, sukarin jini, da ƙarfin bugun jini. Kowane ɗaya ana ba shi maki daga 0 zuwa 100, a tara su duka, a raba gida takwas. Wanda ya sami 80 zuwa 100 lafiyar zuciyarsa na sama; 50 zuwa 79 tana tsaka-tsaki; ƙasa da 50 kuwa tana ƙasa.

Wasu daga cikin makin kana iya ba kanka yanzu, kana zaune a rumfa. Wanda bai taɓa shan taba ba yana da 100, wanda yake sha a halin yanzu yana da 0, wanda ya bari shekara 5 ko fiye yana da 75. Akwai kuma wata ƙa'ida da nake so magidanta su lura da ita: duk wanda ke zaune gida ɗaya da mai busa taba a cikin ɗaki ana cire masa maki 20, ko da shi bai taɓa kai ta bakinsa ba. Ma'ana, sigarin maigida yana ci daga lissafin matarsa da ƴaƴansa. Shisha da samari suka runguma ita ma hayaƙin taba ce, ruwan da ke cikin kwalbar ba ya wanke gubarta.

Barcin awa 7 zuwa 9 a dare yana da cikakken maki, na awa 6 yana da 70, wanda bai kai awa 4 ba kuwa ba shi da komai. Direbobin manyan motoci da masu kwana a bakin iyaka suna jiran a sallami kaya, waɗanda goro da shayi ke riƙe wa ido, sun san inda suka tsaya. Motsa jiki kuma ana nufin tafiya mai ɗan sauri ko aikin da zai sa numfashi ya ɗaga, na minti 150 a mako, misali rabin awa sau biyar. A nan ne ɗan dako da mai tura kura suka fi ubangidansu arziki. Mai rumfa yakan ce ai shi wuni yake yi cikin wahala, kuma gaskiya ne, amma wahalar ciniki daban take da motsin jiki. Wanda babur ya ɗauko daga ƙofar gida ya ajiye a bakin rumfa, ya zauna daga hantsi har magariba, gajiyarsa ta kai ce da baki, jijiyoyinsa ba su yi aiki ba.

Nauyi ana auna shi ne gwargwadon tsawo. Mutum mai tsawon mita 1.70 yana da cikakken maki muddin bai wuce kilo 72 ba. Idan ya kai kilo 81 makinsa ya sauko zuwa 70. In babu sikeli kusa, ga wata dabara da ba ta cikin lissafin amma tana da amfani: auna tsawonka da igiya, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita daidai saitin cibiya. Idan ba ta haɗu ba, tumbin da ake yi maka kirari da shi ya fara zama kaya. Sai dai a fahimta, ramar yunwa ko ta ciwo ba lafiya ba ce, kuma wannan ma'auni ba ya nufin a yaba mata.

Mene ne makin ke nunawa game da ciwo da mutuwa?

A wani bincike da aka wallafa a 2012, an bi manyan mutane fiye da 13,000 a Amurka na kimanin shekara 14, ana amfani da ma'aunai bakwai na farko. Waɗanda suka cika shida ko bakwai, idan aka kwatanta su da waɗanda suka cika ɗaya ko ba ko ɗaya, haɗarin mutuwarsu ta kowane dalili ya ragu da kusan rabi, haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da jijiyoyin jini kuwa ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu. Wani binciken na 2023, wanda ya yi aiki da ma'aunai takwas, ya ƙiyasta cewa ɗan shekara 50 mai maki na sama yana da tsammanin ƙarin kusan shekara 9 a kan takwaransa mai maki na ƙasa. Abin da ya fi muhimmanci a gare mu shi ne dangantakar hawa-hawa ce kamar matakala. Ba sai ka kai 80 ba kafin ka ga amfani. Wanda ya tashi daga ƙasa zuwa tsakiya ya riga ya ci riba mai yawa, kuma a wannan bincike na 2023 tazarar da ke tsakanin na ƙasa da na tsakiya ta fi wadda ke tsakanin na tsakiya da na sama.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Jijiyoyin jini kamar tiyo suke, mai laushi da santsi a ciki. Hawan jini yana dukan bangonsu dare da rana, hayaƙin taba da yawan sukari suna ƙuje fatar cikinsu, kitse kuma ya samu wurin maƙalewa a inda aka ƙuje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shekara da shekaru hanyar na ƙuntata, har wata rana gudan jini ya toshe ta. In a zuciya ne, shi ne bugun zuciya. In a ƙwaƙwalwa ne, ko kuma jijiyar ta fashe a can, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Ita kanta zuciya, saboda tura jini da ƙarfi fiye da kima, takan yi kauri sannan ta saki, sai ƙafafu su kumbura, mutum ya kasa kwanciya sai a jingine. Waɗannan abubuwa takwas a jijiya ɗaya suke haɗuwa, shi ya sa biyu tare suka fi ɗaya ɓarna nesa ba kusa ba.

Mai hankali zai iya cewa: to, wataƙila masu maki da yawa masu hali ne kawai, masu cin mai kyau da zuwa asibiti, shi ya sa suka daɗe. Tambaya ce mai kyau, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Amsarta tana cikin gwaje-gwajen da aka raba mutane kashi biyu, aka sauke wa wasu jini da magani. A 2016 an haɗa sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje 123, masu ɗauke da mutum fiye da 600,000. Duk saukar lamba 10 a lambar sama ta awon jini ta rage manyan cututtukan zuciya da jijiyoyi da kashi 20 cikin 100, shanyewar ɓarin jiki da kashi 27, mutuwa kuma da kashi 13. Haka nan wanda ya bar taba, cikin shekara guda haɗarin toshewar jijiyar zuciyarsa kan ragu da kusan rabi. Ashe maki ba tambari ba ne da aka buga wa mutum a goshi, abu ne da ke motsawa, haɗarin kuma na bin sa.

A nan ya kamata a tsaya a gyara wata fahimta. Maki ba duba ba ne, kuma ba ya faɗin ranar mutuwar kowa; ajali sanin Allah ne. Abin da yake faɗa shi ne abin da ke samun jama'a masu hali iri ɗaya. Ka ɗauki motoci ɗari da suka tashi daga Dawanau da tayoyi suɗaɗɗu, da wasu ɗari masu sababbin tayoyi. Babu wanda zai nuna maka motar da za ta kwana a hanya, kuma a cikin masu sababbin ma wata na iya tsayawa. Amma kai da kanka ka san a wace za ka loda buhunanka.

Layin da ya fi nauyi a wurinmu

Waɗancan alƙaluma na shekaru da na mace-mace daga Amurkawa aka samo su, kuma tambayoyin abincin da ke cikin lissafin an gina su ne a kan cimarsu. Yanayinmu ya ɗan bambanta, kuma an yi bincike a kanmu. Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda aka gudanar a asibitoci 15 na Najeriya da Ghana, ciki har da na Kano da Zariya, ya kwatanta mutum 2,118 da ɓarin jikinsu ya shanye da wasu 2,118 masu lafiya. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna cewa kusan tara cikin goma na wannan ciwo ana iya jingina shi ga hawan jini. Ya kuma nuna cewa masu cin ganye kullum sun fi tsira, masu ƙara gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa kuwa sun fi shiga haɗari. Kafin nan, a 2012, wani bincike a ƙasashen Afirka 9 ya gano cewa hawan jini ne kan gaba wajen jawo gazawar zuciya, kuma matsakaicin shekarun majinyatan 52 ne kacal. Shekara 52 ai lokacin ne mutum ke tsakiyar ɗawainiya, ƴaƴa na makaranta, wasu ana shirin aurar da su.

Saboda haka, a ganina, kada ka bari jimillar maki ta ruɗe ka. Mu ɗauki misalin wani ɗan kasuwa mai shekara 50. Ba ya shan taba, yana da 100. Sukarinsa lafiya lau, 100. Barcinsa awa 6, yana da 70, nauyinsa ya ɗan haura, 70, kitsen jini 60, abinci 50, tafiyar ƙasa ba ta kai rabin awa a mako ba, 20. Awon jininsa kuma 164 bisa 100, wanda makinsa 0 ne. In ka tara za ka sami 470, in ka raba gida takwas ya ba ka kusan 59. A takarda yana tsaka-tsaki, sai ya ce alhamdulillahi ya koma rumfa. Amma wannan sifili guda ɗaya shi ne ramin da ke ƙasan buhu. Mutumin ba ya jin komai a jikinsa, domin hawan jini yawanci ba ya ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Yanzu a ce ya fara shan magani jininsa ya sauko zuwa 128 bisa 78. Wannan awo yana da maki 75, ana cire 20 saboda da magani aka same shi, saura 55. A ce kuma ya riƙa saukowa daga babur tun daga nesa yana ƙarasawa a ƙasa har ya cika minti 150 a mako. Jimilla ta koma 605, makinsa ya zama kusan 76. Layi biyu kawai ya gyara, kuma bai sayar da ko tiya ɗaya ta jarinsa ba.

Ragowar gyaran a madafa yake, kuma a nan ke uwargida kike da iko fiye da likita. Abin da ake so babba ya ci na gishiri a wuni bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen girki, da yaji, da kilishi, da burodi. Kanwa ma ƴar'uwar gishiri ce wajen ɗaga jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa lokacin jego da gazawar zuciya ga masu haihuwa. A rage a hankali, harshe zai saba cikin ƴan makonni, daddawa da albasa da tafarnuwa su cike gurbin ɗanɗano. Abin farin ciki shi ne cimarmu ta gado, wato gero da dawa da wake, da zogale da rama da yakuwa da alayyafo, ita ce irin wadda lissafin ke ba maki. Abin da ke ci mana maki shi ne sukarin da ake zubawa a shayin fada zagaye uku, da lemon kwalba, da soye-soyen da suka zama abincin rana a kasuwa.

Takarda mai launi da lambobin ƙasashe biyu

A wasu cibiyoyin lafiya za ka ga ma'aikaci ya ɗauko wata takarda mai ɗakuna-ɗakuna masu launi. Wannan wani lissafi ne daban, na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka sabunta a 2019, kuma Afirka ta Yamma na da nata shafin. An yi shi ne domin masu shekara 40 zuwa 74. Akwai nau'insa da ba ya buƙatar gwajin jini ko kaɗan: shekarunka, namiji ne kai ko mace, shan taba, lambar sama ta awon jini, da nauyinka gwargwadon tsawo. Shi ba lafiya yake aunawa ba, haɗari yake aunawa, saboda haka ƙaramar lamba ce abin so. Kore na nufin cikin mutum 100 irinka, waɗanda bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki zai sama cikin shekara 10 ba su kai 5 ba. Ja na nufin 20 ko fiye. Da wannan takarda ma'aikaci ke sanin wanda shawara ta ishe shi da wanda ke buƙatar ƙarin magani.

Akwai kuma wani ruɗani da masu ƙetare iyaka ke faɗawa ciki. A Nijar da Kamaru da Chadi za a ce maka tansiyonka 14 bisa 9, a Najeriya da Ghana a ce 140 bisa 90. Awo ɗaya ne, kamar yadda kake juya farashi daga sefa zuwa naira. Sifili kawai za ka ƙara. Wanda aka ce wa 17 a Maraɗi kada ya raina lambar, 170 ke nan a Katsina. Mafi kyau shi ne ƙasa da 12 bisa 8. Daga 14 bisa 9 zuwa sama, in an same shi a ranaku biyu daban-daban, hawan jini ne. Haka sukarin da aka auna kafin karin kumallo: 1.26 a can shi ne 126 a nan, wasu na'urorin kuma su nuna 7, kuma daga nan ake fara zargin ciwon suga.

In za a auna ka, ka zauna minti 5 ka huta, bayanka a jingine, kada ka sha shayi ko taba ko ka ci goro rabin awa kafin nan. Ka nemi a rubuta maka lambobin da kwanan wata a ƙaramin kati, tare da ainihin sunan maganin da aka ba ka, kamar amlodipine, domin kwali da sunan kamfani na sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa amma wannan suna ba ya sauyawa. Maganin hawan jini riƙe ciwon yake yi, ba ya kashe shi. Ranar da ka ajiye shi don ka ji garau, jinin ya kama hanyar komawa inda ya fito. Ka yi hattara da ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake sha kullum don gajiya, da ƙwayoyin ƙiba da ake tallarsu ga mata, domin suna ɗaga jini. Macen da jininta ya taɓa hawa lokacin goyon ciki ta ci gaba da aunawa ko bayan ta yaye, haɗarinta ya fi na sauran mata.

Idan kuwa ka ga bakin wani ya karkace, ko hannunsa ɗaya ya saki, ko maganarsa ta sarƙe, ko ƙirjinsa ya ɗaure da nauyi yana gumi, to lokacin lissafin maki ya wuce. Kada a tsaya shafe-shafe ko a ɗura masa ruwa ko jiƙo, domin yana iya shaƙewa. A lura da lokacin da abin ya fara, a ɗauki katinsa, a kai shi asibiti mafi kusa, ko a wane ɓangaren iyaka yake.